Ranar da Na Hana Inna Tsahara Ɗora Kifi

Ran Laraba ɗiyata Zuwaira ta shigo gida da ƙawayenta biyu, suna ta murna, wai an faɗa a radiyo za a sake yin takarar gashin kifi a bakin tafki, kuma su ma za su shiga. Na tambaye su wa zai riƙa masu wuta. Suka kwashe da dariya. Ɗaya daga cikinsu ta ce, "Haba Inna Rabi, gashin kifi kuma har sai an riƙa ma mutum? A wanke, a sa yaji, a ɗora, a juya. Mi ya rage?"

Na ci gaba da tsintar wakena. Amma maganar ta zauna mini. Malamarmu ta makarantar yaƙi da jahilci takan ce wadda ta iya riƙe bik, wato alƙalami, kada ta bar abin da ta sani a baki kawai, shi ya sa na ɗauko littafin rubutuna. Hannuna ba ya sauri, ku yi haƙuri da shi. Na taɓa shiga wannan takara sau ɗaya, ban kuma ba. Kafin in faɗa maku yadda ake yin ta, sai na faɗa maku wadda na shiga da ita, da abin da muka je nema.

Aikina na farko a wurin Inna Tsahara wankin tarwaɗa ne. Ba uwata ba ce, ƙawar uwata ce tun suna 'yan mata a wajen Safo, aure ya kawo su Madarunfa. A shekarar mijina ya tafi cin rani Najeriya ya daɗe, ga yara biyu a gabana. Uwata ta kama hannuna ta kai ni rumfarta a bakin tafki, ta ce, "Ga ta nan, Tsahara. In ta yi ki riƙe, in ba ta yi ba ki maido mini." Inna Tsahara ta turo mini babbar tasa cike da tarwaɗa, da ɗan kasko na toka, da lemun tsami. Ta koma kan wutarta.

Tarwaɗa tana da yauƙi, kuma ruwa kaɗai ba ya fidda shi. Sai an murje ta da toka mai sanyi, daga kai zuwa wutsiya, a ɗauraye, a bi da lemun tsami. Tana da ƙaya a gefen kai, hagu da dama, in ta soke ki hannu yakan kumbura kwana biyu. Ranar ta soke ni sau uku. Da na gama na kai mata, ta ɗauki guda ɗaya ta shafa da yatsa, ta maido cikin tasa. "Ɗiyata, wannan ai sallama kika yi mata, ba wanka ba." Na sake daga farko.

Karfasa kuma matsalarta a ciki take. In za a fasa cikinta, wuƙa ba ta shiga da zurfi, don akwai maɗaciya, ɗan ƙunshi kore kamar ƙwayar wake. In ta fashe, duk yajin duniya ba zai ɓoye ɗacin ba. Na fasa da yawa kafin hannuna ya gane. Duk wadda na fasa, Inna ba ta faɗa, sai ta gasa ta a gefe ta ce ita ce abincin ranata.

Na yi kusan shekara biyu ban juya kifi ba. Abin da aka ba ni shi ne mafici da tulin itace. Murhunmu rabin tano ne, wato gangar ƙarfe da aka raba biyu, an huda gefenta don iska, an ɗora raga ta waya a sama. Kayan aikin ke nan, sai wuƙa biyu, da gashin fiffiken kaza da muke shafa man gyaɗa da shi, da faifai. Wanda ya gani zai ce ba komai. Amma itace kaɗai karatu ne. Ƙirya tana ba da garwashi mai daɗewa, marke ma haka. Kalgo yana ba kifi ƙamshi in an sa kaɗan. Dogon yaro ba ya kusantar murhunmu ko an ba mu kyauta, hayaƙinsa yana shiga nama ya ɗaɗɗaure harshe. Kara kuwa na kunna wuta ne kawai, daga nan ba shi da aiki.

Kifi ba ya son harshen wuta, garwashi yake so, wanda toka ta fara rufe wa fuska. Inna tana da ma'auninta. Takan shimfiɗa tafin hannu a saman raga, ta kira sunayen 'ya'yanta bakwai ɗaya bayan ɗaya, masu rai da waɗanda suka rigaya. In ta janye hannu kafin ta kai na biyar, wuta ta yi yawa, sai a baza garwashi a jira. In ta kai na bakwai hannu bai ji komai ba, a ƙara. Ni ma da sunayen 'ya'yanta na koya, har yau da su nake aunawa, ba da nawa ba.

Masu sayenmu iri-iri ne. Direbobin hanyar Ɗan Issa suna son tarwaɗa da barkono mai yawa, a naɗe masu su ci a mota. Mutanen Maradi da ke zuwa shan iska ran Lahadi suna son karfasa ko giwan ruwa, su zauna a tabarma suna kallon kwale-kwale, kuma su ne masu tambaya ko an wanke hannu. Masu ziyarar kaburburan waliyyai sukan sayi banda, wato kifin da aka busar da hayaƙi, su tafi da shi gida tsaraba. Mai ciki kuwa in ta gitta ta ji ƙamshi, ba a barin ta wuce, sai an gutsura mata ko na wane ne a kan wuta. Wani direba ya taɓa cewa, "Inna, kifina ne hwa kika yanke." Ta ce, "Kai ma da kana ciki an gutsura ma uwarka na wani, shi ya sa ka fito da baki haka." Ya yi dariya ya karɓi abinsa.

Abin da 'yan mata ba su gani daga nesa shi ne hayaƙi. Gashi yana da nasa, banda kuwa ta fi, don ita hayaƙin ne aikin. Ki sunkuya a kansa tun safe har la'asar, yau da gobe. Lokacin da na zo, idanun Inna sun riga sun yi ja, kullum da tsumma a kafaɗa tana sharewa. Mutane sukan yi mata ba'a su ce wa ya mutu. Takan ce, "Kifi." Daga baya jan ya koma fari-fari a ido na hagu.

Sai ga shekarar da tafki ya janye. Damina ta yi gardama, ruwa ya ja baya har muna tafiya a ƙasa inda da kwale-kwale ke bi. Masunta sukan dawo da 'yan ƙananan karfasa da ba su cika tafin hannu ba. Da yawansu suka jingine raga suka tafi Najeriya. A shekarar kuma ma'aikatan gandun daji suka tsananta a kan saran itace, ƙirya ta yi wuyar samu. Muka koma banda da abin da ya samu: ɗanyen sabara, totuwar masara, busasshen kashin shanu. Hayaƙin waɗannan ba irin na itace ba ne, yana da kauri, yana cizo. Kafin ruwa ya dawo, Inna ta fara miƙa wa mai saye kifi a gefen hannunsa.

Na raka ta asibitin ido a Maradi. Likita ya duba, ya sa magani, ya ce na hagu ya yi nisa, na dama kuwa ana iya riƙe shi in ta rabu da hayaƙi. A cikin mota muna dawowa ta ce, "Kin ji shi? In rabu da hayaƙi. Shi ya rabu da alluransa mana, mu gani." Jikoki huɗu ne a ɗakinta, ubansu ya rasu. Washegari ta koma kan murhu.

Da ruwa ya dawo a shekara ta gaba, wani saurayi daga meri, ofishin magajin gari ke nan, ya zo rumfunanmu da takardu. Ya ce wani porje, wato shirin taimakon masunta, zai yi takarar gashin kifi, wanda ya zo na ɗaya za a ba shi murhu na zamani. An kawo murhun an ajiye a ƙofar meri don kowa ya gani. Akwati ne na ƙarfe, tsayinsa ya kai ƙirjina, da ƙofa, da raga hawa uku da ake jawowa, wuta a ƙasa can, da dogon bututu da ke kai hayaƙi sama da kan mutum. Inna ta zagaya shi tana shafawa. Ta ce, "Wato hayaƙin ta nan yake bi?" Na ce ta nan. Ta ce, "Rubuta mu."

Ba don suna muka shiga ba. Kowa a bakin tafki ya san hannun Inna, har waɗanda za mu kara da su sukan aiko a haɗa masu yaji. Murhun nan muka je ɗauka, don idon dama.

Ga yadda takarar take, ku saurara da kyau, don takardar da za a ba ku ba za ta bambanta sosai ba. Mutum biyu ne a kowane murhu, ba a yarda na uku ya sa hannu ba, ko ruwa ne zai miƙo. Murhu, itace da yaji naku ne, amma kifi su ke bayarwa, don kada wata ta zo da wanda ta jiƙa tun jiya. Kowa giwan ruwa guda, an auna su a sikeli kusan ɗaya suke. Ana zuba 'yan takardu a hula, kowa ya ɗauki lamba, lambar ita ce sunanki daga nan har a gama. Ana busa usur a fara, ana busa usur a tsaya, in an busa na biyu kowa ya ɗaga hannu sama. Sai a zo da faranti iri ɗaya, lambarki a manne a ƙarƙashi, a ɗauki kifin a kai wa alƙalai, ba su san na wa suke ci ba. Abu huɗu suke dubawa: kyan ido, ko fata ta tsaya ba ta ɗaye ba, ƙamshi, nuna, a nan sukan buɗe har ƙashin baya, sai ɗanɗano. Akwai kuma mai zagayawa tana duba tsafta, ko an rufe ruwa, ko ƙuda na sauka. A takardarmu an rubuta: farawa ƙarfe goma, ɗauka ƙarfe ɗaya.

Ni na karanta wa Inna takardar, sau biyu, ina bin layi da yatsa. Lokacin ban daɗe da fara karatu ba, kuma a duk rumfunan bakin tafki ni kaɗai na iya. Mata suka riƙa zuwa in karanta masu. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi.

Kwana uku muna shiri. Inna ta aika aka samo mata ƙirya busasshiya daga wani ɗan'uwanta a Safo, aka kawo a amalanken jaki. Ta daka yajinta da kanta: ƙuli-ƙuli, citta, kanumfari, masoro, kimba kaɗan, barkono, tafarnuwa, da wani abu da take ɗebowa daga ƙullin tsumma wanda sai bayan shekaru ta faɗa mini ɓawon lemun tsami ne busasshe. Ta ce giwan ruwa mai wannan kauri yana son awa biyu a wuta mai sanyi, a juya shi sau biyu kacal.

A nan sai na koma baya kaɗan, don ku gane abin da ya shiga kaina. Mu masu sana'a a bakin tafki mun san manya. In an ce baƙi za su zo da azahar, da la'asar suke zuwa. Akwai ranar da aka sa mu gasa wa wasu manyan baƙi kifi, aka ce ƙarfe ɗaya, muka gama daidai. Ba su iso ba sai da rana ta yi sanyi. Kifin ya bushe a kan raga, ya zama kamar takalmin fata, wani daga cikinsu ya ɗanɗana ya ture faranti. Tun daga ranar muka ɗauki darasi: aikin manya ba a ɗora shi sai an hango ƙurar motarsu ko an ji an fara gwada lasifika. Wannan ba lalaci ba ne, sanin aiki ne, kuma ya sha fidda mu kunya.

Ranar takara murhu goma sha biyu aka jera a bakin ruwa. Muka ɗauki lamba huɗu. Kusa da mu wasu mata biyu ne daga Gabi, ba mu san su ba, murhunsu ma na laka ne da suka gina da safe. Aka busa usur. Na fasa kifin, maɗaciya ta fita lafiya, na tsattsaga gefensa, Inna ta cusa yaji da yatsa cikin kowace tsaga. Muka kunna ƙirya. Wajen ƙarfe sha ɗaya garwashi ya kwanta yadda ake so. Inna ta shimfiɗa hannu, ta kira sunaye har na shida, ta ce, "Ya yi. Kawo shi."

Na ɗaga kai na dubi rumfar manya. Kujeru a kife suke bisa juna, ba a ko jera su ba. Masu kafa rumfar suna ta gardama a kan igiya. Ba lasifika, ba mota ko ɗaya.

Na ce, "Inna, dakata."

"Mi za a jira?"

"Ki dubi can. Ko kujera ba a sauke ba. Waɗannan ba za su zo ba sai la'asar. In muka ɗora yanzu, irin na ran nan za a yi."

Ta juya wajen rumfar, ban san abin da ta iya gani ba. Ta ce, "Ba kin ce ƙarfe ɗaya ba?"

"Haka aka rubuta. Ran nan ma ai ƙarfe ɗaya aka ce."

"Wutar nan ta yi, Rabi. Wuta in ta yi ba a sa ta jira."

"Mu rufe ta da toka. Kowa nasa zai bushe, namu ya fito da zafinsa."

Ta riƙe faifan kifin a cinya. Sai ta ce, "To. Ke kika karanta takarda." Ta rufe shi da wani faifan, ta jawo tsummanta.

Matan da ke gefenmu na hagu suka ga mun rufe wuta. Ɗaya ta leƙo ta ce, "Rabi, mi takarda ta ce?" Na nuna mata kujeru da haɓa. Ta gane, ita ma ta rufe tata. Haka maganar ta bi layi, murhu biyar muka zauna. Matan Gabi kuwa tuni sun ɗora. Na ce wa babbar, "Yaya, ba ki yi sauri ba?" Ta ce, "Mu motar kasuwa za mu bi, in ta tashi a nan za mu kwana. Su ci da zafi ko da sanyi, ruwansu." Har na ji tausayinta.

Abin da ban sani ba, ban kuma tambaya ba, shi ne alƙalai ba su ne manya ba. Manya raba kyauta kawai za su zo yi. Alƙalan tun ƙarfe tara suna zaune a wani ɗaki a bayanmu, an hana su fitowa don kada su ga na wa ne na wa. Su uku ne: wata Madam da ke dafa abinci a otel a Maradi, wani tsohon mai tsire daga Ɗan Issa, da ma'aikaciyar asibiti. Madam ɗin ta cire agogonta ta ajiye a kan teburi tun da ta zauna.

Saurayin meri ya biyo layi yana tafa hannu. "Saura minti talatin! Saura minti talatin!" Da ya iso wurinmu ya tsaya, ya dubi raga ba komai a kai. "Inna, ina kifinku?"

Na ce, "Ai manya ba su iso ba."

"Wane manya? Ƙarfe ɗaya zan busa, ko an gasa ko ba a gasa ba."

Na yaye toka da hannuna. Garwashin ya ci kansa, ya ragu. Na ɗora kifin, na jawo damin karan da muka kunna wuta da shi, na kakkarya na cusa, na kama mafici da hannu biyu. Harshen wuta ya taso ta cikin raga. Shekara biyu aka yi ana koya mini kada in yi wannan, kuma ina yi ina sane. Mai ya ɗiga, wuta ta ƙara tashi, hayaƙi ya turnuƙe baƙi ƙirin.

Inna ta ce, "Ba ni wuri."

"Inna, hayaƙin..."

"Ba ni wuri, ki riƙe mafici. Kar ki kaɗa sai na ce."

Ta durƙusa ta sa fuskarta cikin hayaƙin nan, tana jan kifin daga inda wuta ta fi zuwa inda ta yi sauƙi, tana yayyafa ruwa da yatsu, tana tattara garwashi ƙarƙashin wuya inda nama ya fi kauri. Ba da ido take yi ba, idanun a rufe suke, ruwa na bin kumatunta. Da kunne take yi da hanci. Minti talatin ɗin nan ban taɓa ganin aiki irinsa ba, kuma ba ya cikin abin da alƙalai ke ba maki. Aka busa usur. Muka ɗaga hannu.

Gefe ɗaya na kifin ya yi baƙi, fata ta manne a raga. Na juya kyakkyawan gefen sama a faranti, kamar ba za su juya ba.

Manya sun iso da la'asar, yadda na ce. Aka yi jawabai. Aka kira lamba biyar, matan Gabi. Motar kasuwa ta riga ta tafi ta bar su, amma aka ɗora masu murhun a motar porje, su ma suka hau. Kifinsu ba laifi, na ɗanɗana abin da ya rage: ya nuna, gishiri ya ɗan yi yawa.

Muna tattara kaya sai ga Madam ɗin nan da farantinmu a hannu. Ta ce, "Su wa ke da lamba huɗu?" Na ce mu ne. Ta buɗe kifin da cokali ta nuna mini ƙashin baya, ja wur, da jini. Sannan ta ce, "Wa ya haɗa yajin nan?" Na nuna Inna. Ta rusuna ta gaishe ta. "Inna, tsohon nan da muke tare sai da ya lashe yatsa, ya ce rabonsa da irin wannan tun yana yaro. Mun nemi yadda za mu yi, ba hali. Ɗanye ba ya cin takara. Mi ya faru?"

Inna ta ce, "Wuta ce ta yi mana gardama."

Matan nan huɗu da suka bi maganata ba su yi mini da sauƙi ba. Ɗaya ta ce, "Malama Rabi, gobe in za ki karanta, ki karanta ma kanki." Na karɓa, gaskiyarta. Inna kuwa ta amshi farantin, ta baza sauran garwashi, ta maida kifin a gefe ya ƙarasa a hankali. Ta naɗe shi ta kai wa jikokinta. Daga ranar har ta bar sana'a ba ta taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa.

Ba a sake takarar a shekara ta gaba ba, porjen ya tashi. Na riƙa karɓe mata banda ina bar mata yaji da ciniki, amma rumfa ɗaya ce, hayaƙi ba ya zaɓe. Ta ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni. Wata safiya na je ɗebo ruwa, na dawo na tarar ta ɗora tafin hannu a kan raga mai zafi, tana lalube kifin da na riga na sauke. Ba ta yi ƙara ba. Ta sa hannun cikin tasar ruwa, ta ce, "Kira mini Sa'a ta kai ni gida." Sa'a ita ce babbar jikarta. Ba ta sake saukowa bakin tafki da niyyar aiki ba.

Don haka, Zuwaira, ke da ƙawayenki, ku shiga, ban hana ku ba. Ku nemi itacenku tun da sati. Ku tambayi ina alƙalai suke zaune. Kada ku dubi kujeru. In wadda ta fi ku sanin wuta ta ce a ɗora, ku ɗora.

Murhu mai bututu na same shi daga baya. Shekara shida bayan takarar na sayar da tumakina biyu, na je Gabi na roƙi matan nan suka bar ni na auna nasu da igiya, wani mai walda a Maradi ya ƙera mini irinsa. Ranar da na fara kunna shi na aika Sa'a ta zo da Inna. Ta iso tana riƙe da kafaɗar yarinyar, lokacin na daman ma ya rufe. Na shimfiɗa mata tabarma dab da murhun, karfasa hawa uku a ciki.

Ta zauna, ta juya kai hagu da dama tana shaƙa. Ta ce, "Rabi, ba ki kunna ba tukuna?"

"A kunne yake, Inna. Tun ɗazu."

Ta miƙa hannu a hankali har ta ji ɗumin ƙarfen. Ta matso da fuskarta kusa da ƙofar, ta buɗe idanun nan farare, ta riƙe su a buɗe. Ta daɗe a haka. Sannan ta taɓa kumatunta da yatsa, ta ji a bushe.

Ta ce, "Ikon Allah. Ashe ana zama kusa da wuta ba a yi kuka ba."